Babi na Shida: Kiɗan da Ba Ya Gaggawa

Wanda ya taɓa kwana a Mallawa, ko a wani ƙauye na gundumar Dungas, bayan an kai damman hatsi rumbu an sayar da riɗi da wake, ya san watannin aure ke nan, ya kuma san sautin da ke tashi bayan isha'i. A da kalangu ne. Yanzu injin wuta ake tayarwa a bayan danga, a jera manyan lasifika a dandali, wani saurayi ya zauna gaban kwamfuta ko waya, ana ce masa DJ. Kusan duk abin da zai saka daga kudu ya zo. Kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis ta fi Damagaram kusa da mutanen wannan yanki, kuma hanyar da ke kai shanu da awaki can ita ce ke dawowa da waƙoƙin Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef da Fati Nijar, a cikin memori ƙarami kamar farce. Saurayi ya miƙa wa mai cajin waya kuɗi kaɗan, ya ce a tura masa sababbi.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a duk waɗannan waƙoƙi ba a buga fata ko ɗaya ba. Gangar da ake ji, da sarewar, da abin da ke kama da kalangu, duk na'ura ce ta fitar da su. Mu muna cewa kiɗan fiyano, amma a lissafin duniya kiɗan rawa ne na lantarki, ɗan'uwan wanda ake yi a Landan da Balin. Kayan aikin dangi ɗaya ne. To amma da waɗannan kayan wasu matasa a Ingila suka ƙirƙiro wani salo da suka kira furogiresif, wanda ni zan riƙa kiransa kiɗan hawa-hawa, mu kuwa muka bi wata hanya dabam. Ina ganin a wannan mararraba mun bar wani abu namu a baya, kuma shi ya sa na ware wa maganar babi guda.

Tushen abin yana Amurka, a hannun baƙaƙen fata. A 1977 Frankie Knuckles ya fara juya faifai a wani gidan rawa na birnin Shikago mai suna Warehouse, inda galibi ake danganta asalin sunan kiɗan haus. A shekarar nan ce kuma Giorgio Moroder, Ba'italiye mazaunin Jamus, ya haɗa wa Donna Summer waƙar I Feel Love, wadda kusan duk kiɗanta na'ura ce ta yi, aka ga ashe mutane za su yi rawa da abin da ba hannu ya kaɗa ba. A Ditiroyit, garin masana'antun mota da suka durƙushe, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fito da tekno a shekarun 1980. Abin da ya taimake su akwai ban sha'awa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga TR-808 a 1980, sannan TR-909 a 1983, ƙwararrun makaɗa suka ƙi su don sautinsu bai yi kama da gangar gaske ba. Sai suka faɗa kasuwar gwanjo da araha, yaran da ba su da kuɗin shiga babban ɗakin ɗaukar sauti suka saye. Abin da manya suka raina shi ya zama ƙashin bayan kiɗan rawa na duniya har yau.

Da kiɗan haus ya haye zuwa Ingila wajen 1988 sai ya kama kamar wutar daji. Cikin shekara uku zuwa huɗu ya ƙara sauri, ya ƙara hayaniya, kowa na neman abin da zai tayar da taro nan take. A nan ne wasu suka ja baya. A 1990 Neil Barnes ya fitar da Not Forgotten da sunan Leftfield, daga baya Paul Daley ya haɗu da shi suka zama su biyu. Kamfanin faifai na Guerilla, wanda William Orbit yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya riƙa fitar da kiɗa mai irin wannan nutsuwa. A 1992 wani marubucin mujallar Mixmag, Dom Phillips, ya laƙaba wa salon suna. Kalmar aro ce daga makaɗan jita na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970, irin su Pink Floyd da Yes, waɗanda suka ƙi yarda a tsare su cikin minti uku na gidan rediyo, suka riƙa yin kiɗa mai tsawo mai rassa. Saboda haka sunan yana ɗauke da nufi biyu: kiɗan da ya ci gaba ya wuce na sauran, da kuma kiɗan da ke tafiya mataki bayan mataki. Na farkon alfahari ne, kowane zamani yana faɗar haka game da kansa. Na biyun shi ne sana'ar, shi ne kuma ya dame ni.

Ga yadda ake yin sa. Ana fara da dukan babbar ganga ita kaɗai, dum, dum, dum, dum, tsakanin 120 zuwa 130 a minti ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Bayan zagaye 16 ko 32 sai a shigo da wani ɗan ƙaramin sauti mai kaifi a tsakanin duka da duka. A bar su su saba da juna. Sannan sautin ƙasa mai kauri ya shigo, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Can sai wani amo ya ɓullo daga nesa, a dushe, kamar a bayan gari ake yin sa, mai haɗa kiɗan yana buɗe masa hanya kaɗan-kaɗan har ya cika wuri, mai sauraro bai san lokacin da ya iso ba. Aikin kamar ginin jan ƙasa ne, a ɗora sahu a bari ya sha iska kafin a ɗora na gaba, wanda ya yi garaje kuwa bango ya zube masa. Idan an kai minti biyar ko shida sai a janye gangar gaba ɗaya. Masu rawa su tsaya cak, ƙafa na neman duka ba ta samu ba, amon sama kaɗai ke yawo. Ana iya riƙe su haka minti guda cur. Sa'ad da gangar ta dawo, dukan nan da aka fara da shi ne, bai canza ba ko kaɗan, amma jiki yana karɓarsa kamar sabo. Kiɗa ɗaya yakan kai minti takwas zuwa goma, sau da yawa babu baiti babu amshi, in ma akwai murya to ƴar kalma ce da ake maimaitawa.

Dabarar janye kaya da mayar da su ba Turawa suka ƙago ta ba. Daga Jamaika ta zo, wurin su King Tubby da Lee Perry, waɗanda a shekarun 1970 suka riƙa zama gaban teburin haɗa sauti suna kashe wannan layi suna kunna wancan, suna sa amsa-kuwwa. Jamaikawa mazauna Ingila suka kai ta can. Sai kuma aikin DJ, wanda a wannan salo ba canza waƙa ba ne kawai. Yana daidaita saurin faifai biyu, ya shigo da na biyu a ƙarƙashin na farko har tsawon minti ɗaya ko biyu, ta yadda ba a gane gaɓar da suka haɗu. Sasha da John Digweed sun yi suna da haka a gidan rawa na Renaissance da aka buɗe a garin Mansfield a 1992, kuma tarin da suka fitar a 1994 cikin faifan CD uku har yanzu shi ake nuna wa masu koyo. Daren gaba ɗaya ya zama kiɗa ɗaya mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Daga baya, wajen 2010, sunan ya koma kan kiɗan manyan filaye irin na Avicii da Swedish House Mafia, mai saurin kai wa ƙololuwa, tsofaffin masoya salon suka ce an bar musu suna an tafi da ma'ana. Wannan rigimarsu ce. Haka kuma ba na ɓoye cewa gidajen rawar da wannan kiɗa ya tashi a cikinsu wurare ne na giya da ƙwaya, kuma ba rayuwar da nake yi wa ƴaƴanmu fata ba ce. Dabarar gina sauti nake magana a kai, ita kuwa ba ta da laifin gidan da aka reno ta.

Na ce mun bar wani abu namu a baya. Duk dattijon Mallawa da aka kwatanta masa abin da na kwatanta a sama zai ce ai wannan ba baƙo ba ne. A filin kokawa ko na dambe makaɗi ba ya farawa da ƙarfi. Yana taɓa ganga a hankali tun ana share fili, yana kiran take ɗaya bayan ɗaya, mataimakansa suna shigowa da kazagi da ƙananan ganguna, kowa da gurbinsa. Yana kallon ɗan wasa, yana kallon taro, ya san lokacin da zai matse kalangu a hammata ya ɗaga murya, ya san lokacin da zai sassauta har a ji numfashin mutane, sannan ya sake rufe fili da duka a daidai sa'ad da aka haɗu. Matan amada ma haka suke da ƙwaryarsu, ɗaya ta kafa, sauran su hau, taɓi ya biyo baya, guɗa kuwa ba a yin ta sai wuri ya yi wuri. Mamman Shata yakan riƙe waƙa ɗaya tsawon lokaci a kan amshi guda, kalangai na tafiya a ƙarƙashinsa, kuma ba a gajiya, domin abin da ake maimaitawa yana ƙara nauyi ne a kowane zagaye. Mutanen Damagaram sun san haka a kiɗan fada na Ma'azu Ɗan Alalo. Ba abin mamaki ba ne da aka ce su biyun nan na Leftfield makaɗan gangar hannu ne kafin su taɓa na'ura. Wanda ya taɓa riƙe taro da tafin hannunsa ya san cewa jira ma kiɗa ne.

To me ya sa da na'ura ta zo mana ba mu sa ta wannan aiki ba? Dalili na farko shi ne ƙofar da ta shigo. Ta fim ta shigo. Bayan Turmin Danya na 1990, harkar finafinan Hausa ta Kano ta buƙaci waƙoƙi irin na finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo, namiji ya yi baiti mace ta amsa. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan kiɗa na Kano irin su Iyan-Tama suka koma ga fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda mutum ɗaya zai zauna gabansa ya fitar da ganga da sarewa da goge, ba sai an tara makaɗa an ciyar da su ba. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa waƙa ita ke sayar da kaset, daga nan kowa ya bi. Aikin kiɗa a nan shi ne ya ɗauki murya ya kai ta, ya cika minti biyar na rawa a gaban kyamara. Mawaƙi ya zo da baitocinsa ya ce a buga masa irin na wane, mai fiyano ya zaɓi bugun da ke ajiye cikin na'urar, a ɗora murya, a tashi, na gaba na jira a bakin ƙofa.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma ba abin kunya ba ne. Bahaushe mai son magana ne. Abin da yake nema a waƙa shi ne zance, habaici da kirari da yabo da kalmar da za ta zauna a baki. Shi ya sa da manhajar Auto-Tune ta iso, wadda aka fitar a 1997 don gyara muryar da ta kauce, ɗakunan kiɗa na Arewa suka mai da ita ado, suka ba murya wani amo na ƙarfe da ya zama tambarinsu. Amon ya yi tasiri har Mdou Moctar, Buzu mai jita daga ƙasar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da wannan salo, waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, tamu ce, ba na rage mata daraja. Amma an biya farashi. Gangar na'ura da aka kunna a sakan na farko ita ce har sakan na ƙarshe, ba ta kallon kowa, ba ta amsa wa kowa. A dandalin biki kuma DJ ba ya samun sararin gina komai. Waƙa ba ta yi minti biyu ba an fara yi masa ihu ya canza, ƙawayen amarya na son tasu, abokan ango na son tasu, mai liƙi na son a kira sunansa. Dare ya ƙare a gutsure-gutsure, an gaji amma ba a ƙoshi ba.

Duk da haka akwai wanda ya nuna wata hanyar, kuma ɗan Nijar ne, kuma ya riga Turawan Ingila. Mamman Sani Abdullahi, wanda aka haifa a Akra ta ƙasar Gana ya girma a Nijar, ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO. A wani taro ya ga wani wakili daga Ruwanda da molon lantarki mai madannai, ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya lallashe shi ya sayar masa. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kaset ɗinsa, La Musique Électronique du Niger, yana ɗora sahu na biyu a kan na farko shi kaɗai. Kaset ɗin da aka buga ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. Amma ƴan Nijar da yawa sun san kiɗan ba tare da sun san mai shi ba, domin shekara da shekaru ana saka shi a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Wanda ya saurari Salamatu ko Lamru zai ji abin da nake nufi. Ɗan bugu ne marar hayaniya, sai karin waƙa guda da ke dawowa, ana ƙara masa ado kaɗan-kaɗan, babu murya, babu garaje. Karin da yawa daga waƙoƙin Fulani Wodaɓe da na Buzaye ya samo su. Ba na cewa haus ya yi, shekara 14 ya riga sunan furogiresif zuwa duniya, kuma ba don gidan rawa ya yi ba. Abin da nake cewa shi ne ya ɗauki haƙurin kiɗan makiyaya ya zuba cikin na'ura, na'urar kuma ta karɓa.

Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, Ba'amurke daga Fotland, ya sake buga kaset ɗin a faifai, Mamman Sani ya fara zuwa Turai yana wasa a gaban matasan da suka taso da tekno. Na yi farin ciki da ya ga wannan da ransa. Amma abin yana ci mini rai, cewa sai da baƙo ya zo ya tono shi daga ajiya muka tuna muna da shi.

Bayansa akwai Hama, wanda sunansa Muhammadu Musa, yana aikin direba a Yamai a lokacin da ya fara da tsohon fiyanon Yamaha PSR-64. Kiɗansa ya yi ta yawo a memori ba suna ba hoto, mutane na jin daɗinsa suna zaton daga wata ƙasa ya zo. An fitar da Torodi a 2015, sai Houmeissa a 2019, wanda ya haɗa a kwamfuta da manhajar FruityLoops, wadda ita ce dai ke cikin kwamfutocin masu haɗa kiɗa a Kano da Maraɗi da Damagaram. Hama yana ɗaukar tsoffin karin Buzaye ya shimfiɗa su a kan bugun lantarki, ya bar su su yi ta zagaye suna hawa. Babu wani kayan aiki a hannunsa da yaron Magarya ba zai iya samu ba.

Ga masu cewa mutanenmu ba su da juriyar irin wannan kiɗa, amsar tana Afirka ta Kudu. Amapiano ya taso ne daga unguwannin talakawa na yankin Johannasbag da Firitoriya a tsakiyar shekarun 2010, kiɗa ne mai minti shida ko bakwai wanda yakan ɗauki minti biyu yana shiri kafin babban bugunsa ya sauka, kuma wajen 2020 ya mamaye Legas, ya iso Arewa, ana rawarsa a bukukuwanmu. Black Coffee na can ƙasar ya karɓi kyautar Grammy a 2022 da kiɗan haus mai sanyi irin wannan. Kunnen Afirka bai ƙi jira ba. Abin da masu amapiano suka yi shi ne sun gina a kan bugun da ke cikin jinin garinsu, ba su ɗauko na wani ba.

Namu bugun yana nan da rai, amma masu shi suna ƙarewa. A ƙauyukan Mallawa da Dogo-Dogo da Guci har yanzu akwai makaɗan kalangu da na gangar noma da suka gaji sana'ar, waɗanda gayyatar biki ta ragu musu tun da injin wuta ya shigo gari, ƴaƴansu kuma sun tafi ci-rani. Kowane take da ke hannunsu tsari ne cikakke na yadda ake farawa, a ɗaga, a sassauta, a dawo, kuma ba a rubuta shi ko'ina ba. Kirana ga matasa masu haɗa kiɗa a Damagaram da Magarya da Dungas shi ne, ku ɗauki wayoyinku ku je wurin waɗannan dattawa da goro da sallama mai kyau, ku ce Baba a kaɗa mana tun daga farko har ƙarshe, ku ɗauka ba tare da yankewa ba, ku tambayi sunan kowane take da wanda aka yi wa shi. Idan kun koma gaban kwamfuta kada ku tsinci dukan kalangu ɗaya ku liƙa a kan bugun da kuka saba. Ku saurari inda ya jira da abin da ya sa ya jira, ku gina naku a kan haka, ku rubuta sunansa a jikin aikin, ku kuma kai masa rabonsa idan kuɗi ya shigo.